Ɓawon Dutsen Tsakar Gida

A tsakar gidan akwai wani dutse da magina suka kasa ɗagawa, suka bar shi. A jikinsa wani ɓawo yake fitowa, fari-fari mai ratsin kore, manne kamar kyasbi, ba ganye ba saiwa. Kullum da yamma Baba da Auta sukan tsuguna gabansa, suna auna faɗinsa da tsinken ashana suna dariya. Yaya, babbar 'yar gidan, daga bakin murhu take kallonsu. Ba a taɓa kiranta ba.

Ran nan da suka fita, ta ɗauko soson ƙarfe ta kankare ɓawon tas. Tsafta ce, in ji ta.

Da magariba gidan ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Can sai wata. Maƙwabta ba su da yara, amma Baba ya ce yara ne. Bai sake faɗa ba, don Auta ta hau dutsen ta zauna, ta ɗago ido, ta yi sallama da muryar tsoho mai mura.

Aka ɗauko Malam. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa hula.

"Kai wane ne?"

"Mai shimfiɗar da aka kankare. Tun kakan maigidan nan na rarrafe nake saƙa ta."

"To, sakar mana yarinya."

"A mayar min da shimfiɗata."

"Haba, dattijo! Abin da a shekara ko faɗin farce ba ya ƙarawa?"

Aka yi ta ja-in-ja, kafin aka daidaita: wanda ya kankare zai riƙa yayyafa wa dutsen ruwa kowace yamma, har ɓawon ya kai tafin hannu.

Yaya ta ajiye ludayi. Abin da ya taso mata ba tsoro ba ne, kishi ne.

"Ni na kankare. Me ya sa ita ka hau, ba ni ba?"

Idanun Auta suka dube ta sama da ƙasa.

"Na leƙa, 'yan mata. Da mai zama a ciki, ya riga ni."

Atishawa ɗaya, aljanin ya tafi. Malam ya gyara hula, ya duƙufa neman takalminsa.

Washegari da yamma Yaya ta tsuguna gaban dutsen da moɗa. Baba ya daɗe tsaye a bayanta. Sannan ya tsuguna shi ma, ya miƙo mata tsinken ashana.

"A hankali, 'yata. Ba ya son ruwa da yawa."

Daga bakin murhu, Auta tana kallonsu.