Igwar Auta Ba Ta Harbi Biyu a Wuri Ɗaya

A shagon gyaran waya suka fara haɗuwa, kuma a gaban idon Baba, mahaifin Auta. Auta ta kai wayarta da gilashinta ya fashe. Mai gyaran ya kunna, ya ga wasan tankokin yaƙi, ya ɗago kai.

"Igwa kike tuƙawa? Ashe ku ne masu yi mana ruwan wuta daga bayan dutse."

"In ka kafe wuri ɗaya kamar turmi, laifin wa?" in ji ta.

Suka yi dariya. Baba bai yi ba. Tuƙin motar haya ya koya masa cewa fasinja mai yawan fara'a shi ake sa wa ido.

Tun daga ranar, in Auta ta taso daga kantin maganin da take aiki, sai ta zauna a falo da waya. Ta yi wa Baba bayani: igwarta ƙatuwar bindiga ce a kan mota, tana harbi daga nesa, amma makauniya ce, ga nauyin jiki. Sai mai ƙaramar tanka ya kutsa gaba ya hango mata abokan gaba. Mai gyaran waya ke mata wannan aikin, shi ya sa take ce masa Idona, shi kuma ya ce Igwata.

"Wato kina harbin abin da wani ya ce ya gani? In ƙarya ya shirga miki fa?" in ji Baba.

Ranar da saurayin ya zo gaisuwa da maganar aure, Baba ya sallame shi daga bakin ƙofa. Ga ɗan abokinsa ma'aikacin banki yana jira, me za a yi da mai buɗe cikin wayoyin mutane? Auta ta daina dariya a gidan.

"Kai ko inuwarka ba ka yarda da ita ba," in ji Mama.

Wata Asabar da hantsi Auta ta raka Mama kasuwa, ta manta wayar a caji. Saƙo ya shigo: "Igwata, mu shiga?"

Baba ya sa tabarau. Yau zai ji abin da yaron ke faɗa in ya ɗauka ba babba a kusa. Ya rubuta "To," ya shiga wasan yadda ya sha ganin tana yi. Ya harba, ya kuskure. Ya jira igwar ta ɗura harsashi, ya sake harbawa daga nan inda yake. Sai ga wuta ta ko'ina. Ƙaramar tankar ta juyo a guje, ta gitta gabansa, ta ƙone ƙurmus.

Wani saƙon ya shigo: "Wane ne wannan? Auta ba ta harbi biyu a wuri ɗaya. Tana harbawa take matsawa, kada igwar abokan gaba ta biyo hayaƙinta. Ina take?"

Sai ga wani saƙon kuma.

"In tsintar wayar ka yi, riƙe ta, na yafe. Ka dai gaya mini lafiyarta ƙalau."

Kira ya shigo, bai ɗaga ba. Bai gama shan shayinsa ba aka buga ƙofa. Ga saurayin yana haki, sukuddireba a aljihun riga.

"Baba, Auta tana..." Sai ya ga wayar a hannun Baba, ya sunkuyar da kai.

"Tunda ka gane ba ita ba ce, me ya sa ka tare mini wuta?"

"Igwarta ce, Baba. Ko wa ke ciki, ba zan bari a ƙona ta ina kallo ba."

"Shagon fa?"

"A buɗe na baro shi."

Baba ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda ƙaryar take. Bai samu ba.

"Koma ka rufe, sakarai. Da me za ka riƙe mini 'ya in an kwashe maka shago? In ka rufe, ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon, ya ƙi saki, Auta na murmushi a bayan Mama.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka ci gaba da hango mata hanya." Ya ƙara matse hannun. "Ni ma daga bayan dutse ina hangenka."