Hannun Birkin da Aka Buga a Tsaye

Sufeton nan, 'ya'yana, mutum ne mai taɓe-taɓe. Abin da ido ya gani sai hannunsa ya shaida. Shi ya sa da aka kira shi gangaren kasuwa, inda keken guragu ya kife da wani da ake kira Maigida har ya cika, bai daɗe kan gawar ba. Karyayyen hannun birkin ya ɗauka.

Maigida na da shago inda na'ura ke narka roba tana gina kaya, shimfiɗa bisa shimfiɗa, 'yan kaɗan gwargwadon oda. Can aka buga hannun birkinsa.

Kofur ya riga ya sa wa ƙanen mamacin ankwa, wai shi ne magaji.

"Ranka ya daɗe, ko kunna na'urar ban iya ba!" in ji ƙanen, yana hawaye.

A shagon, Sufeto ya zaro wani hannun birki daga kwali, ya danna da gwiwa. Ko gezau. Layukan shimfiɗun robarsa sun bi tsawo. Na mamacin kuwa a gicciye suke, ya tsinke kamar rake a gaɓa.

Ya dubi matar da ke sarrafa na'urar, wadda ake kira Gwana.

"Baiwar Allah, me ya bambanta su?"

"Na'ura ce, yallaɓai. Iri ɗaya take fitarwa."

"Wanda aka buga a tsaye ne layukansa ke gicciyewa. Ita ke zaɓar a buga a kwance ko a tsaye?"

Gwana ta sunkuyar da kai.

"Maƙwabta sun ce bara ma wani hannun birkin ya karye. Na wa?"

Gwana ta ɗago, idonta jawur.

"Na keken mahaifiyata. Maigida ne ya ce in jera su a tsaye, farantin na'urar ya ɗauki da yawa, a gama da wuri. Na ce anya? Ya ce roba roba ce. Da hannuna na ɗaura mata, ya karye, ta rasu. Da ya zo ta'aziyya ya ce ƙaddara, ya tambayi yaushe zan koma aiki."

"Sai kika jira."

"Ban yi niyya ba, sai ranar da nasa ya tsufa. Ya ce, 'Gwana, nawa a kwance za ki buga.' Ashe ya sani! Na tsayar masa da shi cak."

"Kin san kisa ne?"

"Ƙaddara ce, yallaɓai. A bakinsa na koya."

Aka kwance ƙanen. Gwana ta kashe na'urar, ta rufe ta da ƙyalle, sannan ta miƙa wa kofur hannuwanta.