Albasar Usama

Lauratu ta share ɗaki da la'asar, ta sa turaren wuta, ta zauna bakin gado. Shekara tara ke nan da aurenta da Jibo a Badaguishiri, kuma a da ƙamshin nan kaɗai kan taso shi daga hirar ƙofar gida. Yau ya shigo, ya yi mata sannu kamar baƙo, ya kwanta a tabarma ya juya wa bango fuska. Wata huɗu ke nan. Ba faɗa, ba zagi. Hannunsa ne kawai ya manta da ita.

Abin ya soma tun ranar da rijiyar lambu ta rufta da ƙanensa Usama. Jibo bai yi kuka ba, mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa.

Goggo Hawa'u, wadda ta rene shi, ta ce sanyi ne ya kama shi, ta sayo saiwoyi aka dama masa a hura. Ya sha, ya gode, ya kwanta. Uwar Lauratu kuwa ta aiko daga Tajaye cewa namijin da ya ƙaurace wa shimfiɗar matarsa ya riga ya sake ta a zuci. Ranar kasuwa wan Lauratu, Abarshi, zai zo ya tafi da ita.

Ana gobe kasuwa, Lauratu ta ɗauki abincin rana ta kai lambu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tarar da Jibo yana ban-ruwan lambu biyu, nasa da na marigayi, ga injin jan ruwa a rufe da buhu. Da guga yake jan ruwa daga wata rijiya mai nisa, tafin hannunsa duk ya tsage. Ta tambaye shi don me. Ya daɗe yana kallon albasa.

"Yasar rijiya bi da bi muke yi," in ji shi. "Ranar nan tawa ta. Na ce mishi bayana na ciwo, ya shiga."

"Ba ka gaya wa kowa ba?"

"In ce mi? In na ruhe ido, ƙasa nika ji tana zuba. In na matso kusa da ke, Lauratu, sai in ji kamar na saci wani abu."

Ba ta ce masa ƙaddara ce ba, ya ji wannan har ya gaji. Ta ajiye kwano, ta ɗaura zane, ta karɓi gugan.

Washegari Abarshi ya iso a babur, ya ce ta haɗa kaya. Ta kawo masa ruwa, ta durƙusa.

"Yaya, ka ce ma Inna ba a sake ni ba. Jinya nike yi."

Ya tafi cikin fushi, uwarta ta daina ɗaga wayarta. Da Goggo ta ji gaskiyar abin da ke cin Jibo sai ta zubar da saiwoyin, ta yi kukan da ya ja nasa. A gabanta Jibo ya fashe kamar yaro. Ta kira dangi suka raba ban-ruwan lambun Usama, don marayunsa su ci albasar ubansu.

Sauƙi bai zo da wuri ba. Jibo ya fara cin tuwo, daga baya ya fara barci. Sai bayan an cire albasa, wata rana da hantsi, ya ɗanɗani miyar Lauratu ya ce ko duk gishirin kasuwa ta kwaso. Ta ce wanda ya yi wata shida bai san ɗanɗano ba, ba shi da bakin magana. Ya yi dariya kaɗan, ya bi ta ɗaki, ya saki labule. Goggo ta yi gyaran murya, ta naɗe tabarmarta ta tafi maƙwabta.

Ba duk wanda ya juya baya ne ya daina so ba. Wani nauyi ne ya danne shi, kuma ba ya sauka sai an samu mai haƙurin da za ta bi shi har inda yake ɗauke da shi.