Sallama a Gindin Tsamiya

Da Madu direba ya dawo gindin tsamiyar nan ta hanyar Gwiwa, tare da malamin da ya je ɗaukowa, sai ya tarar da a-kori-kurarsa inda ya bar ta, amma bayanta fayau. Takin zamanin da gwamnati ta ba manoman Gwiwa a farkon daminar, ko buhu ɗaya ba a bari ba. Kafin la'asar manoma sun ji, sun zo sun fasa masa baki, sun ja shi har caji ofis a Kazaure.

Saje Dunoma ya dubi dattijon a bayan kanta, ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya tsufa a kan sitiyari ba a taɓa cewa ya ɗauki allurar wani ba, ga shi gobe za a tsayar da shi gaban alƙali a kira shi ɓarawo.

"Baba Madu, yaya aka yi?"

"Wuta ce ta ɗauke, ranka ya daɗe. Mun shiga yashin rafi ina tafe a hankali, na yi wa mutanen wurin sallama, sai inji ya mutu."

"Waɗanne mutane kuma?"

"Haba Saje! Mutanen ɓoye. Duk direban da zai wuce tsamiyar nan sai ya danna hon, don su janye 'ya'yansu daga hanya. Na tayar da ita, na sake ba su haƙuri, ta sake mutuwa. Fasinjan da ke kan kaya suka watse. Ni kuma na tafi ƙauye neman malami."

"Aljanu da noman gero, har da neman taki! Motar ta taɓa yi maka haka?"

"Yau ta fara. Ta ɗan shaƙe a bakin kasuwa, ta kuma shaƙewa da awaki suka gitta, amma ta ci gaba."

"Wa ke gaba tare da kai?"

Madu ya sunkuyar da kai. "Na manta."

Dunoma ya yi tsaki ya fita. Ƙarya ce, kuma ƙaryar mutumin da bai iya ta ba.

Ya fara da Daudu mai wayarin, makanikin wutar mota, wanda ya gyara fitilar motar kwanan baya. Ya ɗora shi a bayan babur, ya kai shi gindin tsamiya. A cikin yashi ga sawun amalanken shanu nan raɗau, ya yi arewa wajen hanyar Babura.

"Kai ka yi wa motar nan aika-aika?"

"Wallahi Saje, in ni ne kada Allah ya kai ni gida! Tun safe ina tasha ƙarƙashin wata tifa, a tambayi kowa."

Daudu ya taɓa kan batir, a ɗaure yake tam. Ya duba fis, lafiya lau. Ya girgiza makulli, ya jijjiga wayoyi, inji na ta aiki kamar bai taɓa laifi ba. Dunoma ya karɓi sitiyari, ya faɗa da ita rami, ya hau da ita tudu, ko tari ba ta yi ba. Haushi ya ishe shi. Ana haka wani mai keke ya shiga gabansa, ya danna masa hon da fushi, sai mota ta yi tsalle ta shaƙe, sannan ta ci gaba.

Ya taka birki ya tsaya. Bakin kasuwa, awaki, tsamiya: duk wuraren da direba ke danna hon ne. Ya ɗora hannu a kan hon ya riƙe. Inji ya mutu murus.

"Shiga ƙarƙashin sitiyarin nan ka bi mini wayar hon."

Daudu ya fito da wata siririyar jar waya. An haɗa ta daga hon zuwa kwayil mai ba inji wuta, yadda da an danna, wutar da ke zuwa fulogi sai ta zube a jikin mota. In ana gudu, gudun zai farfaɗo da inji. A cikin yashi kuwa sai mutuwa.

"Dubi bakinta, Saje. Mu murɗawa muke yi mu naɗe da tef. Wannan ɗigon dalma ne, aikin masu gyaran rediyo."

A Gwiwa ya sami Tasalla mai daddawa, ɗaya daga cikin fasinjan, tana jinyar gwiwar da ta goge wajen gudu. Da wannan ƙafar ba ta ɗauki buhun kowa ba.

"Inna, wa ya fara gudu?"

"Sama'ilu mana, ɗan direban, mai gyaran rediyo a tashar Kazaure. Shi ke gaba. Ina jin sa yana ta cewa, 'Baba ƙara, ba su ji ba, riƙe da kyau!' Can ya ɓalle ƙofa yana ihu wai ya ga farar mace a kan reshe. Wa zai tsaya?"

Dunoma ya bi sawun amalanke har wata bukkar gona. Ga buhunan nan a lulluɓe da zana, mai shanun yana jiran ya tsallaka da su iyakar ƙasa. Ana kama wuyan rigarsa ya faɗi sunan wanda ya yi hayarsa: Sama'ilu. Sama'ilu kuwa a rumfarsa aka same shi, da ragowar jar wayar a kan tebur.

Ya tasa shi gaba har caji ofis, ya tsayar da shi gaban ubansa.

"Mota a ƙofar gidanku ta kwana da kaya. Ka san ubanka ba ya wuce tsamiyar nan bai yi sallama ba, ka san in ta mutu zai ƙara, sai ka ɗaura tarkonka a kan ladabinsa. Ka kori mutane da ihu, ka zaga ka loda. Ana dukansa kana ina, ɗan banza?"

Sama'ilu ya kafe ido a ƙasa.

"Saje," in ji Madu, bakinsa a kumbure, "ni na haɗa wayar. Rubuta haka."

"Ba zan rubuta ba! Baba, zama ya yi kusa da kai yana cewa ka ƙara!"

"Na ji shi ai. Ni na haife shi, na san muryarsa in yana jin tsoro. Yau babu tsoro a cikinta."

Dunoma ya buɗe ƙofa da ƙarfi, ya fito da uban, ya tura ɗan. Madu ya kai bakin ƙofar fita, sai ya dawo. Ya tuɓe babbar rigarsa mai jini a wuya, ya zura wa ɗan ta tsakanin ƙarafan ƙofar.

"Ungo ka shimfiɗa, simintin akwai sanyi."

Sama'ilu ya miƙa hannu ya karɓa, ko kallon fuskarsa bai yi ba.