Turancin Inna Yagana

"Ikrima, muryar mahaifiyata ka kunna wa aji?"

A bakin titin Bata Jawahir ta tare shi, ko gaisuwa babu. Shekara uku ke nan suna tare a jami'a, dukansu suna karatun zama malaman Turanci na sakandare, kuma saura wata biyu bikinsu.

Wani aiki malaminsu ya bayar: kowa ya nemo mai koyon Turanci, ya naɗi maganarsa, ya fito da kurakuran da ke ciki. Ikrima bai wahalar da kansa ba. Gidan su Jawahir ya je a Fagge ranar da ba ta nan, ya samu Inna Yagana, mai sayar da turaren wuta a kasuwar Sabon Gari, wadda da girmanta take lallaɓa Turanci saboda abokan ciniki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce so yake a ji ƙoƙarinta a jami'a. Baiwar Allah har mayafi ta sake, ta zauna ta yi ta zuba.

Yau ya kunna a gaban ɗalibai sama da ɗari. Yana tsayarwa yana kwaikwayonta, har da karkace baki. Aji ya kece da dariya, Jawahir na zaune a layi na biyu kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Haba masoyiyata, aiki ne fa! Kin ga makin da na samu?"

"Hannun da ya zuba maka abinci, Ikrima..."

"Ai ban faɗi sunanta ba."

"Amma da aka fara dariya ni ka kalla!"

Ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta sauya. "To ƙarya na yi mata? Haka take magana. Ke ma ki gode Allah da na gyara miki naki bakin, da can wa yake sauraronki?"

Zoben da ya sa mata ta zare, ta ajiye masa a kan sirdin babur ɗinsa, ta tsallaka titi hawaye na bin fuskarta.

Tun a hanya take shirya yadda za ta ɓoye wa Inna. Tana isa rumfar Inna a kasuwa ta tarar da Monica, maƙwabciyarsu mai sayar da atamfa, tsaye da waya a hannu, ido jajir.

"Jawahir, ni ban san muryar Mama ba ce na buɗe... yarana ne suka turo min."

Ashe wani ya ɗauki bidiyon, har ya zaga kasuwa.

Inna Yagana na zaune tana ƙulla turare a leda. Ta ji komai, har da tafin da aka yi a ƙarshe.

Jawahir ta zube a gabanta. "Inna ki yafe min! Ni na kawo shi gidanmu. Wallahi na fasa, ko shi kaɗai ya rage a duniya!"

Inna ta ajiye ledar da ke hannunta, ta ɗago. Can ta sa bakin mayafinta ta share wa 'yarta hawaye, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Daina kuka, mutane na kallo... Shi yaron, ya dai ci jarrabawar ko?"