Fari a Hannu, Sanƙo a Ka

Auta na zaune a bakin gado, nono ya cika mata ƙirji har ya jiƙa riga, ga kukan jaririnta yana fitowa daga ɗakin surukarta. An hana ta ko taɓa shi. Laifinta kuwa, hannuwanta sun yi dabbare-dabbaren fari, sannan gashi ya zube ya bar mata sanƙo kamar bakin kofi.

"Cuta ɗaya dai a ce ƙaddara, amma biyu?" in ji Inna, uwar mijin. "Ba za ki shafa wa jikana ba. Kai kuma, ka sallame ta."

Mijin, wani tela mai sanyin hali, ya durƙusa. "Inna, ki yi mini rai, mu je asibiti tare. In aka ce ana ɗauka – na bi maganarki."

Auta ta ɗauki mayafinta. Wato aurenta da ɗanta duk sun rataya a bakin likita. Tun daga gida har layin asibiti kuka take, ba mai lallashi.

Likitar fata ta kama hannun nan, ko safar hannu ba ta sa ba.

"Inna, ganye biyu ne, saiwa ɗaya. Jiki yana da sojojin da ke tsaronsa, suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai. Nata saƙon ne ya rikice, suka far wa abin da ke ba fata launi. Irin saƙon nan ne kuma ya tura su tushen gashi."

"Wato sigina ce ta kauce," telan ya faɗa.

Inna ta harare shi. "Ni dai, ana ɗauka?"

"Ko alama. Akwai maganin da ke kwantar da saƙon, in ta yaye. Gashi kan dawo, fata sai a hankali." Likita ta leƙa jaririn da ke goye a bayan Inna. "Wa ya hana yaron nan nono? Dubi yadda wuyansa ya rame."

Inna ta kwance goyo, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ungo ɗanki, 'yata. Ashe ni ce cutar gidan nan."

Yaron ya cafki nono har yana ƙwarewa. Auta ta rungume shi da fararen hannuwanta, ba ta ce da Inna komai ba sai, "Allah ya yafe mana."

To, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Wanda kuma ya yanke hukunci kafin ya tambaya, nasa yake fara cuta.