Mutumin da Ke Tsaye a Bakin Kogi

Ku yi haƙuri da karambanina. Karatu na saba, rubutu kuwa yau na fara.

Ƙofar ɗakin koyon zane ta daki bango, buroshi ya suɓuce daga hannun Auta.

Yayanta ne, yana huci. A bayansa ga Doguwa, 'yar ajinsu da ta daɗe tana son malaminsu, tana murmushi.

"Ina hoton saurayin da aka ce kin zana?"

"Kwaikwayo ne, Yaya! Tsohon zane aka ba mu... kogi, ciyawa, da wata mace riƙe da laima."

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Ɗige-ɗige kawai ya gani, shuɗi kan kore, rawaya kan ruwan toka.

"A kan wannan jagwalgwalon kike barin gida? Kazar da ta taka fenti ma ta fi ki!"

Malamin ya ce a hankali, "Haka salon yake, Yaya. Haske ake bi."

"Ni ba yayanka ba ne!"

Ya juya zai fita. Auta ta fara sauke numfashi... sai ya waiwayo daga bakin ƙofa.

Daga nesa ɗige-ɗigen suka haɗe. Babu mace, babu laima. Namiji ne a bakin kogi, kafaɗa a karkace, hannu a ƙugu, daidai tsayuwar malamin.

Lokacin da take zanen, sau uku ta goge shi, sau uku hannunta ya dawo da shi.

Naushin farko ya fasa wa malamin baki. Na biyu ya watsa shi cikin gwangwanayen fenti, jini ya gauraya da shuɗi. Yaya ya ɓalle ƙafar kujera, ya take masa hannun dama.

"Da wannan kake hure wa 'ya'yan mutane kunne?"

"Yaya, hannun zanensa ne! Ka rufa mini asiri!"

"Hasken idona... kar ki roƙe shi," malamin ya faɗa da ƙyar.

Katakon ya tashi sama.

Auta ta fizgo wuƙar kwaɓa fenti, ta caka wa zanen, ta tsarge shi har ƙasa.

"Na rantse ba zan ƙara ganinsa ba. Ɗaga ƙafarka!"

Yaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya yar da katakon.

Maƙwabta suka cika ɗakin, Doguwa ta durƙusa tana goge wa malamin jini. Auta ta tsaya har ta ga yatsunsa biyar sun motsa.

Yana ɗaga kai yana nemanta cikin mutane, ita kuwa ta sulale ta ƙofar baya, babu wanda ya lura.